Yadda Ake Gano Dalilin Rawar Inji da Rashin Ƙarfi a Mota Mai Turbo

Kana tsaye a danja, ƙafarka a kan birki, sai ka ji sitiyari na kaɗawa a hannunka, allurar juyin inji tana hawa tana sauka. An ba ku hannu, ka taka totur, motar da a da ke zabura ta koma jan jiki har ɗan adaidaita sahu ya wuce ka. Ka shiga gareji, kafin ka kai aya wani ya ce, “Alhaji, ai turbo ne ya tafi.”

Kada ka yi saurin yarda. Turbo fanka biyu ne a kan sanda ɗaya: hayaƙin da ke fita daga inji ke juya ɗaya, ɗayar kuma ta matse iska ta cusa wa inji. In mota ta ɗauki wuta, sandar nan na haura juyi 150,000 a minti ɗaya. Amma a silo, wato lokacin da inji ke aiki mota na tsaye a kan juyi 650 zuwa 850, hayaƙin bai taka kara ya karya ba, turbo kusan barci yake yi. Don haka gajiyayyen turbo na iya hana mota ja, amma da wuya ya sa ta rawa a tsaye. In alamun biyu suka haɗu, a fara zargin iska, da wuta, da mai. Wanda ya tsallake su ya faɗa wa turbo ya bar jaki yana dukan taiki.

Motocin da nake nufi su ne masu shan fetur da suka cika kasuwar ’yan Beljiyom a shekarun nan: Passat da Tiguan da Audi A4 masu injin 2.0 TSI ko TFSI, Peugeot 508 da 3008 masu 1.6 THP, Ford masu EcoBoost, Honda Civic daga ta 2016 da Accord daga ta 2018 masu 1.5 turbo. Masu dizal zan taɓo su a gaba.

Mataki na 1: Kunne da ido

Kafin a ɗauko sifana, amsa wa kanka ’yan tambayoyi. Rawar da safe ce kawai inji na sanyi, ko har ya yi zafi ba ta bari? Ciwon farat ɗaya ya zo, ko a hankali? Me aka yi wa motar kafin ya fara? Wannan ta ƙarshe ta fi sauran amfani. In jiya ka sha mai a hannun ’yan bumburutu, ko aka wanke inji da ruwan matsi, ko aka yi juye wani yaro ya cire tiyo bai mayar da kilif ba, to ka riga ka ci rabin hanya.

Sa wani ya taka totur kai kana baya. Baƙin hayaƙi mai ne ya yi yawa ko iska ta gaza. Shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa. Fari mai kauri da ba ya yankewa ko da inji ya yi zafi, ruwan lagireto ne ke shiga silinda, kuma wannan maganar gasket ce, a ajiye motar.

Sai wutar cek. In a kunne take tsaye, kana iya lallaɓawa zuwa gareji. In ƙyaftawa take yi, silinda ce ke mis sosai, wato tana kasa ƙona man da aka ba ta, ɗanyen mai na kwarara cikin salansa yana gasa katalis, matatar hayaƙin da ke cikinta. Sauka gefe ka kashe.

Mataki na 2: Sikan kafin sifana

Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996, da mai fetur ta Turai daga 2001, tana da soket mai ƙafa 16 a ƙarƙashin sitiyari, sunansa OBD2. Ƙaramar na’urar ELM327 da manhaja irin Torque a waya sun isa mafi yawan aikin nan, ko da yake babbar na’urar gareji ta fi zurfin gani.

Abu ɗaya nake roƙo: kada a goge komai, kada a cire kan batir “don ƙwaƙwalwa ta huce”. Tare da kowace lamba kwamfutar mota na ajiye hoton halin da inji ke ciki sa’ad da ciwon ya bayyana: juyi nawa, zafi nawa, nauyin aiki nawa. Wanda ya goge ya ƙone shaida. Ɗauki hoton lambobin da wayarka tukuna.

Waɗanda aka fi cin karo da su: P0300 mis ne barkatai, P0301 zuwa P0304 kuma na nuna silindar da ke yi. P0171 da P2187 iska ta rinjayi mai, P0172 mai ya rinjayi iska. P0299 matsin turbo ya gaza, P0234 ya wuce kima. P0101 sensar awon iska, P0087 matsin mai ya faɗi, P0016 taimin ya goce. Sai dai lamba ba ta cewa “sayi kaza”. P0299 ba ta ce turbo ya mutu ba, cewa ta yi iskar da aka nema ba ta iso ba, kuma tsagaggen tiyo ma na jawo ta.

Mataki na 3: Karanta lissafin mai

Nan ne gizo ke saƙa, kuma nan ne masu sikan da yawa ba sa leƙawa. Injin fetur na son kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai, a ma’aunin nauyi. Sensar MAF na auna iskar da ta shiga, kwamfuta ta zuba man da ya dace, sensar oksijin da ke kan salansa ta ɗanɗana hayaƙi ta ba da rahoto. In rahoton ya nuna lissafi bai yi ba, kwamfuta na ƙara mai ko ta rage. Wannan gyaran ne za ka gani a na’ura da suna STFT, na nan take, da LTFT, wanda ta haddace. Haɗa su biyun. In jimillar ba ta wuce kashi 10 cikin 100 sama ko ƙasa ba, lafiya lau.

Bari inji ya yi zafi, ka kashe AC, ka rubuta jimillar a silo. Sannan ka riƙe totur a juyi 2,500 na rabin minti ka sake rubutawa. Abin da ke tsakanin lambobin biyu shi ne bayanin.

In a silo ka ga +18 ko +22, da ka ɗaga juyi ta sauko kusa da sifili, iska ce ke satar hanya tana shiga ba tare da an auna ta ba. Dalili kuwa, a silo injin lita 2 na shaƙar kamar giram 2 zuwa 4 ne kacal a daƙiƙa, ƙaramar ɓula na iya rikita lissafin, amma da iska ta yawaita sai ɓular ta nitse a ciki.

In a silo komai daidai ne, sai an taka ne lambar ke hawa sama, to mai ne ba ya isowa, ko sensar MAF ta yi datti tana rage awo.

In kuwa lambar na faɗuwa ƙasa da sifili daidai lokacin da turbo ya fara turi, ga baƙin hayaƙi, ga huci kamar na kumurci a gaban mota, iskar da aka riga aka auna ce ke tserewa ta wani tiyo. Kwamfuta ta zuba mai don iskar da ba ta iso ba.

Mataki na 4: Farautar ɓarauniyar iska

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kashe inji, bar shi ya huce, domin ɓangaren hayaƙi na turbo na kai ɗaruruwan digiri kuma ba ya nuna alama. Bi hanyar iska da hannu tun daga akwatin filta: tiyon da ke zuwa bakin turbo, wanda ya fito daga turbo ya gangara zuwa intakula, wato ƙaramin lagireton da ke sanyaya iska a bayan bamba, da wanda ya hau zuwa maƙogwaron inji. Matsa kowane tiyo, ka lanƙwasa shi, domin tsagewa na ɓoyewa a cikin ninki da ta ƙasa. Ƙurar hunturu na taimakawa a nan: duk mahaɗar da ka ga ta yi danƙon baƙin mai ƙura ta manne, iska na fita ta wurin. Intakula kuwa a ƙasa take, ramukan hanya da tudun rage gudu ba sa raga mata.

Daga nan sai bawul ɗin PCV, mai kwashe tururin cikin inji ya mayar da shi hanyar iska. Wannan ni ya taɓa ci. Passat ɗina ta fara wani siririn fito a silo, tana rawa, ba ta ja. Garejin farko suka saurari fiton suka yanke hukunci, har an fara buga waya ana tambayar kuɗin turbo. Na ce a bari in yi shawara. A gareji na biyu wani dattijon bakanike bai ko taɓa motar ba, ya ce, “Malam, bar ta a kunne, buɗe min murfin baƙin man nan.” Na murɗa na ja, ya ƙi tasowa, kamar an riƙe shi daga ciki. Da na fizge shi da ƙarfi sai fiton ya ɗauke. Ya kwance bawul ɗin ya miƙo min. A ciki akwai wata roba mai faɗin murfin gwangwanin madara, ga tsagewa a gefenta ba ta kai tsawon farce ba. Ita ke nan.

Lafiyayyen inji ma na ɗan zuƙar murfin, kuma sautinsa na canzawa in an buɗe. Zuƙa mai ƙarfi ce alamar ciwo. A injinan TSI wannan sananniyar lalura ce, kuma in aka bar ta tana iya lalata sil ɗin bayan inji, a koma maganar sauke giyabos.

In ido da hannu ba su kama komai ba, a yi gwajin matsi. Nemi murfin fayif irin na masu aikin famfo daidai faɗin tiyon bakin turbo, a huda shi a sa bawul ɗin taya daga wurin mai faci, a ɗaure da kilif. Inji a kashe, a toshe tiyon PCV, a buɗe murfin baƙin mai don kada matsi ya taru a cikin inji. Sai a ba shi iska a hankali har ma’aunin matsi ya nuna bar 0.5, kusan psi 7. Kada a sake masa kwamfuresar mai faci gaba ɗaya, za ta fasa abin da ba a fashe yake ba. Fesa ruwan omo a kowace mahaɗa, inda ya yi kumfa nan ne. Garejin da ke da injin hayaƙi ya fi sauƙi, hayaƙin da kansa zai nuna ƙofar.

Al’adar fesa fetur a kan inji yana aiki don a ji ko juyi zai tashi, ban yarda da ita ba a mota mai turbo. Wutar ba ta sallama.

Mataki na 5: Fulogi da kwayil

In akwai lambar mis, a ce P0302, kada a sayi komai tukuna. Cire kwayil ɗin silinda ta 2 ka musanya da na ta 3, goge lambar tunda ka riga ka ɗauki hotonta, ka zagaya. In ta dawo P0303, kwayil ne. In ta tsaya a kan 2, musanya fulogi. In har yanzu tana nan, saura nozul mai fesa mai ko cikin silindar kanta.

Jera fulogan bisa tsari ka dube su. Ruwan ƙasa ko toka-toka lafiya. Baƙi busasshe mai ya yi yawa, baƙi jiƙaƙƙe baƙin mai na shiga, fari fat kuma mai ya yi kaɗan. Wanda ya bambanta da ’yan uwansa shi ne abin tambaya.

Matsattsiyar iska na wahalar da tartsatsi, shi ya sa injin turbo ke son tazarar bakin fulogi ƙarama, yawanci milimita 0.7 zuwa 0.8, amma a bi abin da littafin motar ya ce. Fulogin da bakinsa ya buɗe na iya yin silo lafiya, sai ka zo wuce tirela a kan hanyar Zariya motar ta fara fizga. Jabun fulogi masu kwalin manyan kamfanoni sun yi yawa a kasuwa, kuma a irin wannan injin araha ba ta ado.

Mataki na 6: Sensa da maƙogwaro

Ɗaga filtar iska ka haska ta da rana. In haske ba ya ratsawa, canza ta. Hura ta da kwamfuresa na buɗe ramukan da ido ba ya gani, ƙura ta wuce ta ci fikafikan turbo.

Sensar MAF: kashe inji, zare soket ɗinta, tayar. In rawar ta lafa, ita ce abin zargi, ko da yake ɓarauniyar iska ma na iya yin haka, shi ya sa mataki na 4 ya riga wannan. A wanke ta da feshin da aka yi dominta kawai, kada yatsa ko tsumma ya taɓa siririyar wayar.

Sensar MAP kuwa, mai auna matsin iska, tana da gwaji mai daɗi. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, dole ta nuna nauyin iskar garin da kake: kusan kPa 101 a Legas, wajen 96 a Kano, wajen 88 a Jos saboda tudu. In ta kauce da nisa, ƙarya take yi wa kwamfuta. Wadda ke kan manifol, wato bututun da ke rarraba iska ga silindoji, in an tayar, ya kamata ta sauko wajen 30 zuwa 40 a silo.

In faifan totur ya yi baƙin danƙo, a wanke, sannan a sa na’ura ta sake koya wa kwamfuta matsayinsa. Mantawa da wannan ne ke sa mota ta fito daga wanki da silon da ya fi na da lalacewa.

Mataki na 7: Mai

Tsiyayi kaɗan a farar kwalba ka ajiye minti 10. Ruwa zai kwanta a ƙasa, datti ma haka. Gurɓataccen mai ba sai a bakin titi ba: a farkon shekarar 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol Najeriya, aka sayar a gidajen mai, motoci da dama suka kwanta. Duba kuma cikin murfin tanki, motocin Turai da yawa RON 95 suke nema, lambar da ke nuna yadda fetur ke jure matsi. In man bai kai ba, inji na fara ƙwanƙwasa, kwamfuta ta ja taimin baya ta rage turi don ta tsare fistin. A zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri, da ma’auni ke haura digiri 40, abin ya fi tsanani.

Yawancin waɗannan injinan famfo biyu gare su: na cikin tanki mai ba da bar 4 zuwa 6, da na kan inji mai ɗaga matsin ya haura bar 100. A na’ura kwatanta matsin da kwamfuta ta nema da wanda aka samu. In suna tare a silo amma wanda aka samu ya zube da an taka, famfo ko filtar mai ne. Ƙarfen fayif ɗin da ke bayan famfo na biyu ba abin kwancewa ba ne inji na aiki, man da ke ciki na iya huda fata.

Mataki na 8: Gwajin hanya

Nemi miƙaƙƙiyar hanya marar cunkoso, ka ɗauki mutum ya riƙe wayar, kai ka riƙe sitiyari. A giya ta 3, daga juyi 2,000 taka totur har ƙasa zuwa 4,500, shi kuma ya kalli turin da aka nema da wanda aka samu. Na’urori da yawa na haɗawa da nauyin iskar waje, don haka kPa 200 na nufin turin kusan bar 1.

In turi bai zo ba sam kuma babu ɓula, duba westiget, ƙofar da ke karkatar da hayaƙi daga turbo in matsi ya isa. In sandarta ta yi sako-sako ko ta maƙale a buɗe, hayaƙi na wucewa ta gefe. Duba siraran tiyoyin da ke zuwa gare ta, da bawul ɗin lantarki mai sarrafa ta, wanda a Volkswagen da Audi ake kira N75. Sai bawul ɗin daibata, mai sakin iska in ka ɗaga ƙafa, robarsa ma na yagewa. In turi ya wuce kima sannan motar ta yi laƙwas, ta ƙi haura juyi 3,000 sai an kashe an tayar, kwamfuta ce ta ɗaure ta da gangan, galibi ƙofar ce ta maƙale a rufe.

In motar na ja da farko amma tana shaƙewa yayin da juyi ke hawa, tuna da katalis, wanda kanikawa ke kira indomi. Mis ɗin da aka yi watanni ana tafiya da shi na narkar da cikinsa ya toshe, kuma turbo ba ya juyawa in hayaƙi ba shi da mafita. A cire sensar oksijin ta gaba a ɗaura ma’aunin matsi a gurbinta. Fasa shi a zubar na buɗe hanya, amma bai warkar da abin da ya narkar da shi ba, ga warin da za ka bar wa na bayanka.

Mai dizal, irin Hilux D-4D, ya fara da bawul ɗin EGR, mai mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji. In ya maƙale a buɗe yana haɗa duka uku: rawa, rashin ƙarfi, baƙin hayaƙi. Daga nan filtar mai, sai nozul.

Mataki na 9: Cikin inji

Injinan da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda, irin TSI da THP, suna da wata lalura tasu. Fetur ba ya bi ta bayan bawulolin shigar iska balle ya wanke su, sai tururin baƙin mai ya riƙa daskarewa har ya zama gawayi. Alamarsa mis da safe wanda ke raguwa in inji ya yi zafi. Maganin da ake zubawa a tanki ba ya isa wurin. Sai an cire manifol an kankare, silinda bayan silinda, bawul a rufe.

A auna kamfireshan, wato ƙarfin matsin kowace silinda. Bambanci tsakanin mafi ƙarfi da mafi rauni kada ya wuce kamar kashi 10 cikin 100. In kuma kana jin ƙarar sarƙa na daƙiƙa biyu ko uku da an tayar da safe, ga P0016, kada a sake tayar da motar don gwaji. Sarƙar taimin da ta tsallake haƙori na haɗa fistin da bawul.

Mataki na 10: Turbo kansa

Yanzu aka iso kansa. Inji a sanyaye, cire tiyon bakinsa, haska tocila. Fikafikan su kasance da kaifi, ba gutsure ba lanƙwasa. Kama tsakiyar sandar da yatsu biyu ka juya, ta juya sumul. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi ba ne, domin a kan baƙin mai take shawagi. Motsi ciki da waje, ko sawun gogar fikafikai a jikin bango, ko kuka irin na jiniya da ke tashi tare da juyi, su ne shaidar mutuwa. Ɗan maiƙo a cikin tiyo al’ada ce. Baƙin mai da ya taru yana zuba in an cire tiyon intakula, ga shuɗin hayaƙi, shi ne abin damuwa, kuma ko a nan a tabbatar PCV da fayif ɗin da ke mayar da mai ƙasa ba su toshe ba.

In ya tabbata ya mutu, a nemo abin da ya kashe shi kafin a ɗaura wani: daɗewa ba juye, baƙin man da bai dace ba, ƙura, ko kashe inji nan take bayan doguwar tafiya maimakon a bar shi ya yi silo na minti 1 ko 2. A canza fayif ɗin da ke kai masa mai, a wanke intakula da tiyoyi tas don kada ɓarɓashin tsohon ya faɗa wa sabon, a yi juye da sabuwar filta. A zuba ɗan baƙin mai ta ƙofar shigar mai ta sabon turbon, a juya sandar da hannu, sannan a tayar a bar shi a silo na ’yan mintoci ba tare da an taɓa totur ba.